Yadda wayar salula ke tsare kuɗi da saƙonni a kan hanya

Tun bayan ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a Najeriya a farkon shekarar 2023, jama'a da dama a yankunan karkara suka rungumi aikawa da karɓar kuɗi ta wayar salula da kuma na'urar POS.

Lamarin ya biyo bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin ƙasar ya yi a ƙarshen 2022, abin da ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu har a kasuwannin ƙauye.

Wannan sauyi ya zo da wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba: shin wa ke iya gani, ko sauya, bayanan da ke fita daga wayar mutum kafin su isa banki?

Idan manomi a garin Kanya, da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru ta jihar Kebbi, ya sayar da buhun dawa aka biya shi ta waya, umarnin biyan kan yi tafiya mai nisa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Daga wayar mai saye zai hau turken sadarwa mafi kusa, ya bi layukan kamfanin waya zuwa bankinsa. Idan kuma bankunan biyu daban ne, sai ya ratsa ta cibiyar NIBSS mai hedkwata a Legas, wadda ke haɗa bankunan ƙasar.

A kowane zango na wannan tafiya akwai na'urorin da ba mai waya ne ke da iko da su ba. Saboda haka masana harkar suka tsara kariyar ta yadda ba sai an amince da hanyar ba.

Kulli biyu

Kariyar ta ginu ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne ɓad da kamar saƙo, wato a rikiɗa shi ya koma tarin lambobi marasa ma'ana ga duk wanda ba shi da mabuɗi. Na biyu kuwa shi ne tantancewa, wato tabbatar da cewa wanda ake magana da shi, shi ɗin ne da gaske.

Ɗaya ba ya wadatarwa sai da ɗayan. Wanda ya zuba kuɗinsa a akwati ya garƙame da kwaɗo, sannan ya miƙa akwatin da mabuɗin ga ɓarawon da ya yi shigar ma'aikacin banki, kwaɗon bai amfane shi da komai ba.

Akasarin wannan aiki babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ce ke ɗauke da shi, kamar Android da iOS a wayoyi, ko Windows da Linux a kwamfutoci. Ƙananan manhajoji irin na bankuna galibi a kanta suke dogara. Da yawa daga cikin na'urorin POS na zamani ma da Android suke aiki.

Daga Bagadaza zuwa intanet

Ilmin ɓoye rubutu tsoho ne. A ƙarni na 9, malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake warware ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙidaya haruffan da suka fi yawan maimaituwa a cikinsa.

Sai dai babbar matsalar da ta daɗe tana ci wa masu wannan fanni tuwo a ƙwarya ita ce ta mabuɗi. Ta yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su mallaki mabuɗi guda, alhali duk abin da suka faɗa wa juna wani na iya ji?

A shekarar 1976 wasu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka wallafa mafita. Kowane ɓangare zai zaɓi lambarsa ta sirri, ya yi wani lissafi da ita, ya aika sakamakon kawai a fili. Daga nan kowannensu zai iya fitar da mabuɗi iri ɗaya, amma mai saurare a tsakani ba zai iya ba.

A 1977 kuma aka samar da tsarin RSA, wanda ake amfani da shi wajen sa hannu na lantarki.

Sirrin irin waɗannan tsare-tsare shi ne lissafin da ke da sauƙin yi amma yake da wuyar kwancewa. Ɗalibin firamare zai iya ninka 53 sau 71 ya sami 3,763. Amma idan aka ba shi 3,763 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi gumi. Lambar da ake amfani da ita a mabuɗin RSA na yau da kullum tana da alƙaluma 617.

A kan wannan tushe kamfanin Netscape ya fito da tsarin SSL a 1995, wanda daga baya ya zama TLS. Sigarsa ta 1.3 ta fito a watan Agustan 2018. Shi ne ke aiki a duk lokacin da adireshin shafi ya fara da haruffan https, kuma shi ne manhajojin bankuna ke amfani da shi.

Hatimin da ke cikin waya

A zamanin da, wasiƙar sarki kan samu karɓuwa ne idan an ga hatiminsa a kanta, kuma mai karɓa ya san kamannin hatimin tun da farko. Haka tantancewa take a intanet.

Kafin waya ta aika lambar sirrin mai ita, kwamfutar banki kan gabatar da takardar shaida ta lantarki mai ɗauke da sunan shafin, da ranar da wa'adinta zai ƙare, da sa hannun wata hukuma mai bayar da shaida.

Wayar kan gwada wannan sa hannu da jerin hukumomin da ta amince da su, waɗanda yawansu ya haura 100, kuma a cikin babbar manhaja ake ajiye jerin. Idan bai dace ba, sai ta yi gargaɗi ko ta katse hulɗar.

Wannan ne dalilin da ya sa wayar da kwanan watanta ya rikice kan ƙi buɗe shafuka, domin ta kasa gane ko wa'adin takardar shaida ya ƙare ko bai ƙare ba.

Tsarin dai yana da rauninsa. A 2011 masu kutse suka shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin masu bayar da shaidar, suka buga takardun jabu da sunan Google. An yi amfani da su wajen leƙen asirin kimanin mutane 300,000, akasarinsu a Iran.

Maganin da aka yi shi ne kamfanonin manhaja suka cire sunan DigiNotar daga jerinsu, ta hanyar sabuntawar da suka aika wa na'urori. Na'urar da ba ta karɓi sabuntawar ba kuwa ta ci gaba da amincewa da hatimin da aka sace.

Matsalar tsofaffin wayoyi

Nan ne batun ya shafi masu sayen wayoyi na hannu, waɗanda suka yawaita a kasuwannin arewacin Najeriya saboda sauƙin kuɗinsu. Kamfanonin da ke ƙera waya kan aika gyare-gyaren tsaro na wasu 'yan shekaru ne, daga nan su daina.

Wayoyin Android da suka girmi siga ta 7.1.1 ba su da hatimin Let's Encrypt a jerinsu, hukumar da miliyoyin shafuka ke karɓar shaida daga gare ta. Dabarar wucin gadi da aka yi musu ta ƙare a 2024, abin da ya sa shafuka da dama suka daina buɗuwa yadda ya kamata a kansu.

Sababbin wayoyi kuwa sun fi tsanani. Kamfanin Apple tun 2015, da Google tun fitowar Android 9 a 2018, suka tsara cewa manhajoji ba za su aika bayanai a buɗe ba, sai fa idan masu rubuta su ne suka nemi hakan da gangan.

Layin 2G da lambobin taurari

Ba kowa ke da babbar waya ba. Mutane da yawa a karkara da ƙananan wayoyi suke tura kuɗi, ta hanyar danna lambobin da ke farawa da tauraro, tsarin da ake kira USSD.

Wannan tsari, da saƙon tes, ba su da kariya irin ta TLS daga waya har zuwa banki. Abin da ke kare su a iska shi ne kullin da ke tsakanin waya da turken sadarwa.

A layin 2G, wanda da shi aka fara wayar GSM a Najeriya a 2001, wannan kulli ya tsufa. A watan Disambar 2009 wani masani Bajamushe, Karsten Nohl, ya nuna a wani taro a Berlin yadda za a iya karya shi.

Bugu da ƙari, a 2G turke ne ke tantance waya, ita wayar ba ta tantance turke, don haka ana iya yaudararta da turken bogi. Daga 3G zuwa sama ne aka sa ɓangarorin biyu suke tantance juna.

Android 12 da ta fito a 2021 ta ba da damar kashe 2G a wayoyin da ke iya hakan. To sai dai a inda 2G ne kaɗai ke kamawa, kashe shi na nufin zama babu sabis.

Mai amfani da manhajar banki ya fi samun kariya ko da a kan 2G yake, saboda bayanansa a kulle suke tun kafin su bar wayar.

Abin da VPN ke yi

Akwai kuma wata hanyar da babbar manhaja ke kulle dukkan abin da ke fita daga na'ura gaba ɗaya, ta tura shi ta wata kariyayyiyar hanya zuwa kwamfuta guda. Ita ake kira VPN.

Tsarin IPsec, da aka fara fitar da ƙa'idojinsa a 1995, yana cikin Windows da Android da iOS, kuma bankuna da kamfanoni na haɗa rassansu da shi. Wani sabon tsari mai suna WireGuard ya shiga cikin Linux a watan Maris na 2020.

'Yan Najeriya da dama sun san VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban. Ofishin ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jihar Kebbi, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya haramcin.

Duk da haka mutane sun ci gaba da shiga shafin, domin kamfanin waya ba ya ganin inda mai VPN ya nufa. An ɗage haramcin ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a watan Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka.

Amma VPN sauya wanda aka amince wa kawai yake yi, daga kamfanin waya zuwa mai VPN ɗin. Manhajar Onavo ta kamfanin Facebook, wadda ake bayarwa kyauta, an cire ta daga kantin manhajojin Apple a 2018 saboda tattara bayanan masu amfani da ita, aka kuma rufe ta a 2019.

Haka kuma VPN ba ya aiki idan babu layi. An ga hakan a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a jihar Zamfara, maƙwabciyar Danko/Wasagu, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga.

Inda kariyar ta tsaya

Ko da an kulle saƙo, kamfanin waya ya san lokacin da aka yi hulɗa da kuma turken da wayar ke kusa da shi. WhatsApp, wanda ya kammala kulle saƙonni daga waya zuwa waya a watan Afrilun 2016, ba ya iya karanta abin da aka rubuta, amma ya san lambobin masu amfani da shi.

Shafin 'yan damfara ma na iya samun takardar shaida ta gaske da sunansa, mai kama da na banki. A 2023 kamfanin Google ya cire alamar kwaɗo daga manhajar Chrome, saboda mutane na ɗaukarta a matsayin shaidar cewa shafi na masu gaskiya ne.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Ɗan damfara ba ya wahalar da kansa wajen karya lissafi. Kira yake yi a matsayin ma'aikacin banki, ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da aka turo ta tes, mai kuɗin ya karanta masa da bakinsa. Wani kuma saƙon alat na bogi yake tura wa ɗan kasuwa, ya kwashi kaya ya tafi.

A watan Yunin 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa bankuna da kamfanoni nauyin tsare bayanan abokan hulɗarsu, ta kuma kafa hukumar da ke sa ido a kan hakan.

Sauran nauyin yana wuyan mai waya. Shawarar da bankuna da masana tsaro ke bayarwa ita ce a riƙa karɓar sabuntawa idan ta zo, a sauke manhajar banki daga kantin manhajoji na ainihi, kada a tsallake gargaɗin takardar shaida, sannan a duba ma'aunin asusu kafin a miƙa kaya.

Ga mai shirin sayen waya ta hannu kuma, duba ranar da ta karɓi gyaran tsaro na ƙarshe, wadda ke rubuce a sashen saituna, na da muhimmanci kamar duba lafiyar batirinta.