Yaron Da Ya Zo Makaranta Da Harshe Biyu

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Augie da Argungu akwai yaron da yake jin Fulatanci ko Zabarmanci a gida, yana jin Hausa a kasuwa, sa'an nan ran da aka kai shi aji ɗaya sai ya tarar da Turanci. Idan ya yi shiru a aji, sai a ce daƙiƙi ne. Ba haka ba ne. Kaya biyu aka ɗora masa gaba ɗaya: koyon karatu, da koyon baƙon harshe.

A shekarar 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na garinsu. A 2022 aka ce a yi haka har ƙarshen firamare. A watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya sanar an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa. To, nauyin ya ƙaru a kan iyaye.

Kada mu ɗauka harshen gida yana hana Turanci shiga. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife. Aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6, Turanci kuwa darasi ne kawai. Yaran nan ba su kāsa a Turanci ba, a sauran darussa ma suka fi takwarorinsu. Mu da muke noman shinkafa a fadamar Rima mun san dalili: ba a dashe sai iri ya yi saiwa.

Ga abin da za mu iya yi.

Na ɗaya, mu ci gaba da yi wa yaro magana da harshenmu. Tatsuniya da dare, da ƙirga buhuna ran girbi, duk karatu ne.

Na biyu, ya iya karanta Hausar boko. Ana rubuta ta kusan yadda ake faɗinta, baƙaƙen kuwa yawancinsu su ne na Turanci. Wanda ya iya haɗa baƙi a Hausa ba zai sake koyon wannan ba.

Na uku, a fara da abin da ya sani. A nuna masa fartanya, ko kifi, ko kwalekwale, ya faɗi sunansu da harshen gida, da Hausa, da Turanci. Idan ya gauraya “p” da “f”, a gyara masa da haƙuri. Bakin Bahaushe bai saba raba su ba.

Na huɗu, mu roƙi malamai kada a doki yaro ko a ci shi tara don ya yi harshensu. Mai jin tsoro ba ya buɗe baki. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, in sun zo hutu, a nemi su zauna da ƙananan da yamma.

Na biyar, kada aikin gona ya cinye zangon karatu. Yaron da ya yi wata guda yana korar tsuntsaye a gona, ya koma aji ya tarar an wuce shi.

A taronku na gaba, ku duba ko asusun ƙungiya zai iya sayen littattafan karatu kaɗan da fitila mai aiki da hasken rana. A ajiye su gidan magatakarda, yara su riƙa ara.