Ƙirar Ƙananan Eriyoyi Masu Lanƙwasuwa Don Zangon Milimita

1.0 Gabatarwa

Duk ma'abocin sauraron rediyo ya saba jin ana cewa za a iya kama tasha kaza a kan mita 31 ko mita 19 a gajeren zango. Waɗannan mitoci awo ne na tsawon igiyar rediyo guda ɗaya. Igiyar tana tafiya da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma gwargwadon yawan kaɗawarta gwargwadon gajartarta. Tashar FM mai megahaz 100 igiyarta mita 3 ce. Idan aka kai gigahaz 28, wato kaɗawa sau biliyan 28 a daƙiƙa, tsawon ya koma milimita 10.7. Daga gigahaz 30 zuwa 300 shi masana suke kira zangon milimita, ko da yake masu harkar sadarwa kan fara lissafinsa tun daga gigahaz 24.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ƙera eriyar wannan zango domin wayar hannu da na'urorin da ake ɗaurawa a jiki. Za a nuna cewa ƙanƙantar da eriya ta zo wa maƙera cikin sauƙi, alhali wahalar aikin tana ga abin da ake ɗora ta a kai da kuma jikin wanda zai ɗaura ta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Zangon milimita ya daɗe da sanuwa. Tun cikin shekarun 1890 masanin nan ɗan ƙasar Indiya, Jagadish Chandra Bose, ya yi gwaje-gwaje a Kalkata da igiya mai tsawon milimita 5. Abin da ya jawo shi cikin harkar waya shi ne cunkoso a ƙananan zanguna. A 2018 kamfanin Verizon ya fara amfani da gigahaz 28 wajen kai intanet gidaje a wasu biranen Amurka, sannan a 2019 taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar ya ware wa wayar hannu wasu sassa na zangon, ciki har da gigahaz 24.25 zuwa 27.5 da 37 zuwa 43.5. Ya kamata a lura cewa lasisin 5G da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Nijeriya a Disambar 2021 na gigahaz 3.5 ne, mai igiya kusan santimita 8.6, saboda haka ba ya cikin wannan rukuni.

3.0 Eriyar Maho Da Dalilin Jera Ta

Girman eriya yana bin tsawon igiyar da aka yi ta dominta, galibi rabinsa ko rubu'insa. Wadda aka fi amfani da ita a nan ita ce wadda za a iya kira eriyar maho, don ta yi kama da mahon da tela yake ɗorawa a kan tufa. Hawa uku gare ta: ɗan fallen jan ƙarfe a sama, shimfiɗar da ba ta ɗaukar lantarki a tsakiya, da wani fallen ƙarfe mai faɗi a ƙasa. Georges Deschamps ne ya kawo shawararta a 1953, amma ba ta bunƙasa ba sai cikin shekarun 1970. A gigahaz 28 tsawon mahon kimanin milimita 3 ne.

Sai dai ƙanƙantar tana da nata hasara. Idan tsawon igiya ya ragu sau goma, filin da eriya take tarbar ƙarfi da shi yakan ragu sau ɗari, tamkar a ce mai tarbar ruwan sama ya ajiye daro ya ɗauki murfin kwalba. Maganin haka shi ne a jera maho da yawa, a bar kimanin rabin igiya tsakanin kowane da na kusa da shi. Idan aka ɗan jinkirta saƙon da yake isa ga kowane maho bisa ƙa'ida, ƙarfinsu zai taru ya nufi wuri ɗaya kamar hasken tocila, kuma ana iya juya shi ba tare da an motsa komai ba. Wayar hannu kan ɗauki jeri mai maho huɗu ko biyar, turken sadarwa kuwa ɗaruruwa.

Ban da wannan, igiyar milimita ba ta iya ratsa tafin hannu. Shi ya sa ake dasa jeri biyu ko uku a sassa daban-daban na waya, idan hannu ya rufe ɗaya wani ya karɓi aiki. Daga nan ne buƙatar lanƙwasuwa ta samo asali, domin gefen waya da madaurin agogo da ƙirar tabarau duk ba shimfiɗaɗɗu ba ne.

4.0 Matsalar Shimfiɗa

Allon da aka saba haɗa kayan lantarki a kai, mai suna FR-4, ba ya lanƙwasuwa, ga shi kuma yana shanye ƙarfin igiya ya mayar da shi zafi. Wannan ya sa aka koma ga robobi masu taushi. Akwai Kapton na kamfanin DuPont, wanda yake jure zafi ƙwarai, amma yana shan danshi. Akwai kuma wadda ake taƙaita sunanta da LCP, wadda shanye ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na FR-4 ba, kuma da ƙyar take ɗaukar ruwa, aibinta tsada.

Batun danshi ba ƙarami ba ne. Shimfiɗa tana rage saurin igiyar da take bi ta cikinta, kuma a kan wannan ragi ake yanke tsawon maho. Ruwa ya fi roba rage saurin nesa ba kusa ba, don haka da zarar shimfiɗa ta jiƙa sai eriya ta zame daga zangon da aka saita ta. Haka ma kuskuren yanka. Idan aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kimanin kaurin gashi guda, a kan maho mai milimita 3, an sauya tsawonsa da kashi 3 cikin ɗari, wanda zai gusar da shi da kusan gigahaz ɗaya. Maho maras kauri kuwa faɗin zangon da yake kamawa bai fi haka da yawa ba.

Shi kansa ƙarfen yana da nasa sharaɗi. A gigahaz 28 lantarki ba ya shiga cikin jan ƙarfe, a fatarsa kawai yake gudu, cikin kaurin da bai kai rabin maikiromita ba. Idan fuskar ƙarfen tana da kaushi, dole lantarkin ya bi kowane tudu da kwari, hanya ta ƙaru, ƙarfi ya salwanta. Tawadar azurfa da ake buga eriya da ita kamar yadda ake buga takarda tana da arha da sauri, amma ba ta kai sumul ɗin jan ƙarfe ɗaukar lantarki ba.

4.1 Eriya A Kan Tufa

Tun wajen 1999 masu bincike a Tamfere ta ƙasar Finlan suka fara nazarin eriyar da za a sa a jikin tufa, kuma a 2012 wasu a Rennes ta Faransa suka nuna eriyar gigahaz 60 a kan yadin auduga. A ƙananan zanguna ana iya ɗinka eriya da zare mai ɗaukar lantarki, kamar yadda ake yi wa riga aiki. A zangon milimita kuwa zaren ya yi kauri, kuma ba allurar da za ta kiyaye awon da aka ambata a sama, sai dai a yanko siririn fallen ƙarfe a manna. Yadi kuma yana shan gumi, yana matsewa, yana yamutsewa, sannan dole a wanke shi. A gaskiya, har yanzu irin wannan eriya ta fi zama a ɗakin gwaji.

5.0 Lanƙwasa Da Jikin Ɗan Adam

Abin mamaki shi ne maho guda bai cika damuwa da lanƙwasa ba, saboda milimita 3 a kan wuyan hannu kusan shimfiɗe take. Jerin ne yake shan wahala. A ɗauka tsakanin mahon farko da na ƙarshe santimita 2 ne, aka naɗe su a kan hannu mai faɗin santimita 6. Lissafi ya nuna na gefe biyun za su fuskanci wurare masu bambancin kusan digiri 38, kuma kowanne zai ja baya daga na tsakiya da kimanin milimita ɗaya da rabi. Wannan tazara ta isa ta wargaza tarin ƙarfin da aka yi jerin dominsa. Ana iya gyara jinkirin kowane maho don a cike giɓin, muddin an san iyakar lanƙwasar tun farko. Madaurin da yake sauya siffa daga hannun wannan zuwa na wancan ba ya ba da wannan dama.

Dangane da jiki kuwa, fallen ƙarfen da yake ƙasan maho yana zama garkuwa, yana mayar da igiyar waje, shi ya sa aka fi son maho a kan siririyar eriya maras baya. Abin da ya kai ga jiki yakan tsaya a fata, cikin zurfin da bai wuce milimita ɗaya ba, illarsa kuma ɗumama ce. Saboda haka a ƙa'idojinta na 2020 hukumar ICNIRP ta tanadi cewa sama da gigahaz 6 a riƙa auna ƙarfin da fata ta sha a kan kowane ɗan fili.

6.0 Inda Aka Kwana

Amfanin da ya fi tabbata ya zuwa yanzu na gajeriyar tazara ne. A 2019 kamfanin Google ya sa ƙaramar rada mai gigahaz 60 a wayar Pixel 4 domin gane motsin hannu. A wannan zango iskar oksijin tana shanye igiya, abin da ya dace da na'urorin jiki, tunda saƙon wani ba zai yi nisa ya dami na wani ba. Ta fuskar wayar hannu kuwa, kyan eriya bai wadatar ba idan babu turaku kusa da juna. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta ƙwace lasisin gigahaz 28 daga kamfanonin KT da LG Uplus a ƙarshen 2022, da na SK Telecom a 2023, saboda sun kasa kafa yawan turakun da aka shardanta musu.