Maye da duka a gida: Wa ke duba yaran da ke tsakiya?

Idan magidanci ya dawo gida a buge ya hau matarsa da duka, maƙwabta kan shigo su raba, washegari dangi ko Hisbah su zauna sulhu. Da wuya wani ya tambayi yaron da ya kwana raɓe a bayan ƙofa yana jin komai.

Ko ba a taɓa jikinsa ba, irin wannan yaro kan yi fama da firgita cikin barci, fitsarin kwance da koma-baya a karatu. Babbar 'ya kuwa takan zama uwar ƙannenta tun ba ta isa ba.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda ke samun taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Ba doka aka rasa ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kotu ikon ɗauke yaro daga gidan da yake cikin haɗari, Kano ma ta samu tata dokar a 2023. Ana kai koke ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha. Uban kuma asibitoci irin na Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna na kula da masu fama da shaye-shaye.

Sai dai yaro ba ya kai kansa waɗannan wurare. Sai goggo, maƙwabciya ko malamin aji ya lura ya buɗe baki.