Tsagar Ma'ajiya a Ƙwaƙwalwar Wayar Hannu da Hanyar Facinta

Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, ta bazu har ta kai garuruwa irin su Achilafiya ta ƙasar Kazaure, da Roni da Gwiwa da Babura. Da yawa daga cikin wayoyin da a kan saro daga Kano a kai waɗannan kasuwanni Tecno ne da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Amma ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ba shi ke ƙera ta ba. Galibi daga MediaTek na Taiwan ko Unisoc na Shanghai ya ke saye. Abin da wannan takarda za ta bayyana shi ne wani aibi da a kan samu a wannan ƙwaƙwalwa, da dalilin da ya sa maganinsa ya ke daɗewa bai iso hannun mai waya ba.

1. Asalin aibin

A cikin ƙwaƙwalwar akwai manhajar tushe, watau umarnin da maƙera suka dasa domin ya tafiyar da sashen kira da na sauti da sauransu. Mai waya ba ya ganinta. Yawancinta da harshen kwamfuta mai suna C aka rubuta, shi kuwa wannan harshe ba ya tsare iyaka da kansa.

Ma'ajiyar waya kamar gonaki ce, kowane aiki da tasa. Idan saƙo ya zo wanda ya fi wurin da aka yanka masa, ba a kuwa auna shi ba, sai ya tsallake iyaka ya yi shuka a gonar maƙwabci. Wani aibin kuma kamar gonar aro ne, wadda aka mayar wa mai ita, har ya ba wani, amma na farko bai daina shiga ba. Mugu ya kan shirya saƙonsa da gangan, yadda abin da ya zuba zai zama umarni, waya ta bi. Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na aibobin tsaro da ya ke gyarawa irin wannan ne.

2. Misalai

A 2022 masu bincike na Check Point suka gano tsaga a sashen kira na ƙwaƙwalwar Unisoc, wadda gurɓataccen saƙo ta iska zai iya kashe sadarwar waya da ita. A watan Maris na 2023 kuma masu binciken Google suka bayyana aibobi 18 a ƙwaƙwalwar Exynos ta Samsung. Huɗu daga ciki lambar waya kaɗai ta ishi gwanin mugu ya shiga, ba tare da mai ita ya taɓa kome ba.

3. Tafiyar faci

Maganin shi ne faci, kamar na taya: a gyara wurin da ba a auna ba, a sake dasa manhajar. To, amma facin fatauci ya ke yi zango zango. Maƙerin ƙwaƙwalwa ya rubuta, ya miƙa wa mai haɗa waya, shi kuma ya daidaita shi da kowane samfuri, sa'an nan ya aika ta intanet. Tun 2015 Google ke fid da sanarwar tsaro ta Android wata wata, amma ba ya iya aikawa a madadin kowa.

Aibin da aka yi wa laƙabi da MediaTek-su ya nuna haka sarai. MediaTek ya ba da facinsa a watan Mayu na 2019, bai shiga sanarwar Google ba sai Maris na 2020, wata goma ke nan, alhali kuwa miyagun manhajoji suna amfani da shi. Waya mai araha, da wadda aka saya ta hannu, su ne a ƙarshen layi, waɗansu ma an daina aika musu ɗungum. Ga kuma tsadar data da wuyar caji a karkara.

4. Abin yi

Mai waya ya duba kwanan watan facin tsaro a saitin wayarsa, ya karɓi sabuntawa in ta zo. Mai gyara kada ya yi fulashin da manhajar da bai san asalinta ba, domin ta kan komo da tsohuwar tsaga. Mai saye ya tambayi shekara nawa kamfani ya yi alkawarin faci. Maganin dindindin kuwa yana wurin maƙera: tun 2021 Android ya karɓi harshen Rust, mai tsare iyaka da kansa, kuma Google ya ce rabon irin wannan aibi a Android ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024. Tsohuwar wayar da ke aljihu ba ta ci wannan moriya ba, saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horo su sa duba faci cikin darasin kwamfuta.