Kafin ka danna fomat: abin da na tarar a gwangwanin disket ɗin Baffa

Baffana ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ɗan kasuwa ne a Koki, unguwar da aka sani da fatauci tun zamanin Alhassan Dantata. Da aka zauna maganar gado, malamin da zai raba ya ce sai an fara tantance bashi. Ana cikin haka wani tsohon abokin cinikinsa ya zo ya ce akwai ragowar kuɗi tsakaninsu tun 1997, amma shi kansa bai riƙe adadin ba.

Lissafin waɗannan shekarun ba a takarda yake ba. Baffa ya ɗauki wani akawu yana shigar masa da komai a kwamfuta, kwamfutar kuma ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage shi ne gwangwanin biskit cike da disket. Goggo ta miƙo mini shi ta ce: "Kai ne mai kwamfuta, ka duba mana."

Mene ne disket?

Mai karatu, ko ba ka taɓa riƙe shi ba, ka san hotonsa. Shi ne ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake dannawa a adana aiki a Word. A cikin kwanson robarsa akwai wani siririn faifai mai maganaɗisu, a kansa ake rubuta bayanai. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da shi a 1971, mai faɗin inci 8. Shugart ya kawo mai inci 5.25 a 1976, Sony kuma ya fito da mai inci 3.5 a farkon shekarun 1980. Na Baffa duk masu inci 3.5 ne. Kuma saboda disket ne ma'adanar kwamfutarka take amsa sunan C: domin an riga an ware A: da B: ga na'urorin karanta shi.

Na sayi irin wannan na'urar mai amfani da USB. Disket da yawa suka buɗe nan take. Wasu kuwa da na saka, sai Windows ta ce sai an yi musu fomat kafin a iya amfani da su. Na fita sallar la'asar, ƙanina ya zauna a kujerata, ya ga saƙon, ya amsa da "to". Kafin in dawo an gama. Na gwada manhajojin dawo da fayil, ban samu komai ba.

Me fomat yake yi?

Ka ɗauki sabon faifai kamar filin da za a kafa kasuwa. Fomat shi ne shata layuka, a yanka rumfuna, a ba kowace lamba, sannan a buɗe rajistar da ke nuna kayan wa ke wace rumfa. A disket mai megabait 1.44 akwai layi 80 a kowace fuska, fuska 2, rumfa 18 a kowane layi, kowace rumfa tana ɗaukar bait 512. In ka ninka za ka samu bait 1,474,560. Hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka yau yakan fi wannan nauyi. Rajistar da DOS da Windows suke amfani da ita a disket sunanta FAT12.

Matsalar ita ce kowane kamfani da yadda yake shata nasa filin. Ko a gidan IBM kaɗai, kwamfutar 1981 tana rubuta kilobait 160, ta 1983 kilobait 360, ta 1984 megabait 1.2, duk a faifai mai inci 5.25. Wanda aka rubuta a sabuwar na'ura wani lokaci tsohuwar ba ta iya karanta shi, saboda bakin rubutun sabuwar ya fi siranta. Megabait 1.44 ɗin da aka fi sani ya zo ne da kwamfutocin PS/2 a 1987.

Apple kuma ya bi tasa hanyar. Macintosh ta 1984 tana rubuta kilobait 400, daga 1986 kilobait 800, kuma na'urarta tana sauya saurin juya faifan gwargwadon layin da take kai. Na'urar kwamfutocin IBM da ire-irensu sauri ɗaya take juyawa, shi ya sa ba ta gane wannan rubutun. Daga 1988 Apple ya fara rubuta megabait 1.44 kamar kowa, amma da tasa rajistar mai suna HFS, wadda Windows ba ta karantawa.

Saboda haka idan kwamfuta ta ce a yi fomat, abin da take nufi kawai shi ne ba ta gane abin da ke gabanta ba. Wataƙila faifan ya lalace, wataƙila kuma lafiyarsa ƙalau, wata na'ura ce daban ta rubuta shi.

Yadda na bi sauran

Da farko na tura ɗan makullin da ke kusurwar kowane disket har ramin ya buɗe. In ramin nan yana buɗe, kwamfuta ba za ta iya rubutu ko gogewa a kai ba. Da na yi haka tun farko, da ba mu yi asarar guda ɗaya ba.

Sannan na duba ɗaya kusurwar. Mai rami na biyu shi ne mai megabait 1.44, mara shi kuma tsohon samfuri ne, kilobait 720 a tsarin IBM ko 800 a na Apple. Masu rami biyun da suka ƙi buɗewa na saka su a Linux, na kwafe ɗaukacin faifan rumfa bayan rumfa zuwa fayil guda, na ci gaba da aiki a kan kwafin. Ashe na Macintosh ne, daga wani gidan ɗab'i da ya riƙa buga wa Baffa rasit da takardun yarjejeniya. Wanda ƙanina ya goge rubutun hannu ɗaya ne a jikinsa da su. Akwai guda biyu marasa rami na biyu da na'urar USB ta kasa taɓukawa. Su sai da wata ƙaramar na'ura irin Greaseweazle, wadda ke ɗauko zanen maganaɗisun kai tsaye, kuma ina jiran isowarta.

Buɗe faifai bai gama aikin ba. Lissafin akawun a Lotus 1-2-3 aka yi shi, manhajar da ta yi tashe kafin Excel ta karɓe kasuwa. LibreOffice, wadda kyauta ce, ta buɗe shi. Wasiƙun Hausa kuma sai na ga "qasa", "xaya", "vangare". Ba kuskuren akawu ba ne. A lokacin kwamfutoci ba su da ƙ, ɗ da ɓ a saukake, sai aka riƙa amfani da salon haruffa na musamman, irin Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, inda q ke fitowa a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v a matsayin ɓ. In babu salon a kwamfutarka, asalin harafin za ka gani. Na rubuta 'yar gajeriyar manhaja ta musanya su.

A fayil na 1997 muka ga sunan dattijon nan da adadin da yake bin Baffa, har da wasu mutum biyu da ba su zo ba. An biya su kafin a raba gado.

Memorin wayarka ma haka yake

Sony ya daina yin disket a 2011, gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta gama soke dokokin da ke tilasta amfani da shi. Amma rikicin fomat yana nan a aljihunka.

Memori mai gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci da FAT32 yake zuwa, jikan FAT12. Kusan kowace na'ura tana gane shi, sai dai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Wanda ya haura 32 kuma da exFAT yake zuwa, shi ya sa tsohuwar waya ko rediyon mota kan ƙi shi, har ta nemi a yi fomat.

Wanda ya fi haɗari shi ne zaɓin da Android ta kawo a 2015, na mayar da memori ma'adanar cikin waya. In ka zaɓe shi, wayar za ta kulle katin da mabuɗin da ita kaɗai ke riƙe da shi. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka yi mata filashin a Farm Centre, hotunan da ke kan katin sun tafi, ko da katin bai yi komai ba. In kana son ka riƙa cire shi kana sakawa a wani wuri, ka bar shi a matsayin ma'adanar waje.

Duk lokacin da na'ura ta nemi fomat a kan abin da ka san akwai kaya a ciki, ka soke, ka cire, ka gwada a wata na'urar. Kada ka bari mai gyara ya danna kafin a kwafe. Muhimman takardu, irin na fili, bashi ko makaranta, ka ajiye su a wuri biyu aƙalla, a tsarin da kowa ke buɗewa kamar PDF, ka kuma buga su a takarda.

Idan akwai irin wannan gwangwanin a gidanku, ka raba shi da zafi, laima da maganaɗisun lasifika, ka tura makullan yau, sannan ka nemi wanda zai kwafe. Disket ba ya jure shekaru, kuma na'urorin karanta shi kullum ƙara wuyar samu suke yi.