In Danja Ta Rikice, a Fara Neman At

Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar a-kori-kura da daddare a hanyar Kano zuwa Zariya ya ga wannan abu. Mota na gabanka da lodin kwandunan tumatir. Direba ya taka birki, maimakon danja ta haska jajir, sai siginar hagu ta ɗan yi haske dishi-dishi kamar garwashin da toka ta rufe. Ya kunna sigina zai shiga kwana, sai fitilun baya duka su kama ƙifta ido tare, har da ƙaramar fitilar lamba. Kai da ke baya ba ka san ko tsayawa zai yi ko juyawa ba, sai dai ka rage gudu ka yi ta salati.

In ka tambayi direban, zai ce ƙwai ne ya mutu, kuma ya canza har sau biyu a watan nan. Gaskiya ya faɗa game da canjin, amma ƙwan ba shi da laifi. A tsohuwar mota, yawancin rikicin fitilun baya daga hanyar komawar wuta yake, wato abin da masu wayarin ke kira at.

Wutar batir ba ta aiki sai ta je ta dawo. Masu ƙera mota, don rage tsadar waya, sukan ja waya ɗaya daga gaba zuwa kowane ƙwai, sa'an nan su bar ƙarfen motar ya zama hanyar dawowa, tun da kan batir mai alamar ragi a jikin ƙarfen aka ɗaure shi. A ƙaramar mota wannan ba ya cika ba da wahala, domin jikinta guda ne. A-kori-kura kuwa gida biyu ce: ga kan mota inda direba yake, ga bodin kaya a baya, kowanne an ɗaure shi daban a kan shasi da notuna. Ke nan wutar da ta kunna danja sai ta bi ta gidan fitila, ta shiga bodi, ta ratsa notunan nan zuwa shasi, kafin ta koma batir. Kowace mahaɗa a wannan tafiya wuri ne da tsatsa ke iya tare hanya.

Sai kuma a dubi shekarun motocin. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma a-kori-kurar 404 da 504 har yau suna dakon hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye. Hilux ta Toyota tun 1968 ake yin ta, tsofaffinta kuma sun cika Arewa da Nijar. Da wuya ka sami ɗaya da mai walda bai taɓa bodinta ba. An yanke, an ƙara ƙarfe, an ɗaga kariya, an fesa fenti mai kauri, an mayar da fitila a kan sabon fentin. Fenti kuwa ba ya wuce da wuta. Sau da yawa ranar da mota ta fito daga wurin fenti tana sheƙi, ranar danjarta ta fara hauka.

Me ya sa fitilun ke haskawa a inda ba a kunna su ba? Wuta kamar ruwan sama take a unguwar da aka toshe kwata: in ta rasa hanyarta, gidan maƙwabci za ta shiga. Ƙwayayen da ke gidan fitila ɗaya at ɗinsu ɗaya ne. In ya yanke, wutar birki sai ta bi ta cikin ƙwan sigina ko na fakin da baya-baya, ta bi wayarsa har ta sami wani ƙwan mai at lafiyayye a ɗaya gefen ko a gaba. Da yake ta ratsa ƙwai biyu ko uku a jere, kowanne sai ya sami ɗan rabo, shi ne hasken nan na dishi-dishi. Akwai alama ɗaya da ba ta ƙarya. Kunna fitilar fakin, ka sa yaron mota ya taka birki. In gefe ɗaya ya mutu ɗif maimakon ya ƙara haske, to at ɗin wannan gefen ya tafi, domin wuta ta zo wa ƙwan ta fuska biyu ta rasa mafita.

Tabbatar da haka ba ya cin ko sisi. Nemi doguwar waya, ɗaura bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ka taɓa ɗaya bakin a ƙarfen da ƙwai ke zama a ciki. In komai ya dawo daidai nan take, an gama bincike. Sauran aiki shi ne a kwance notin at, a kankare wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, a shafe da giris don kada ruwan damina ya sake ci. Ni dai a ganina, ga motar da ta haura shekara ashirin, gara a ja sabuwar wayar at mai kauri daga kowace fitila kai tsaye zuwa shasi, a daina dogara da notunan bodi.

Ba kowace matsala ce ta at ba, amma fitilun da kansu sukan nuna inda za a duba. In gefe ɗaya ne ya mutu, laifin yana kusa: ƙwai, ko mazauninsa, ko wayar wannan gefen. In duka biyun suka mutu lokaci guda, a koma gaba, wajen fis ko makunni. Makunnin danja galibi yana saman fedar birki, na ribas kuma a jikin giyabos yake. Sai dai a lura, wasu motocin Turai fis ɗin fitilar fakin ta hagu daban yake da na dama.

Shi ma ƙwan yana da tarkonsa. Na danja a yawancin tsofaffin motoci zare biyu gare shi a ciki, ɗaya mai wat 5 na fakin, ɗaya mai wat 21 na birki, kuma a gindinsa akwai ɗigon dalma biyu. Ƙusoshin gefensa ba a jere suke ba, ɗaya ta fi ɗaya tudu, don kada a sa shi a juye. Amma mazaunin da ya tsufa ya saki, in an matsa masa zai karɓa, sai fakin ya riƙa haske kamar birki, birki kuma ya zama kamar ba a taka ba. Wanda ya fi wannan ban dariya shi ne a cusa ƙwai mai ɗigo ɗaya a mazaunin mai biyu. Ɗigon nan sai ya haɗe layin biyu, direba na taka birki fitilun dashbod da ƙananan fitilun gaba su kama. An sha kwance wayarin mota rabi a kan wannan, alhali ƙwai ne aka saya ba daidai ba.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne fis. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ƙwayayen birki biyu wat 42 ke nan. A raba da bolt 12, ya ba da amfiya uku da rabi. Fis mai amfiya 10, wato ja a irin na roba mai ƙafa biyu, ya ishe su har da rara. To in yana ƙonewa, ba ƙarami ba ne, wata waya ce ta fige tana taɓa ƙarfe. Abin da aka saba yi shi ne a sa shuɗi mai 15, in ya ƙone a sa rawaya mai 20, in shi ma ya ƙone a naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Daga nan wayar motar ce ta zama fis. Za ta yi zafi, robarta ta narke, ta narkar da na maƙwabtanta a cikin damin wayoyi, kuma damin nan a a-kori-kura yakan bi gefen shasi ne, kusa da tankin mai.

Akwai dabarar gano shot, wato inda waya ke taɓa ƙarfe, ba tare da an ƙona kwalin fis ba. Cire ƙwayayen layin, ka jona ƙwai mai wat 21 a gurbin fis ɗin da wayoyi biyu, ka kunna layin. Muddin waya na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare yawan wutar, ba abin da zai ƙone. Sai a shiga ƙarƙashin mota ana girgiza damin wayoyi kaɗan-kaɗan. Inda aka taɓa hasken ya ɗauke, nan ciwon yake. Wuraren da za a fara dubawa sanannu ne: inda waya ta ratsa hujin ƙarfe robar hujin ta faɗi, inda ta kusanci salansa, bayan bamba, da duk inda wani ya taɓa jona ƙarin fitilun ado ya murɗe waya da hannu ya naɗe da salatif. Irin wannan murɗin, in laka da ruwa suka shiga, jan ƙarfen ciki sai ya koma kore, ya riƙa ɗaukewa yana dawowa duk sanda aka faɗa rami. Ɓera ma yana da nasa rabon a motar da ke kwana da buhunan masara.

Wani abin da ke ruɗa masu koyon aiki shi ne mita. Za ta nuna bolt 12 a mazaunin ƙwai, a sa sabon ƙwai ya ƙi kamawa. Dalili shi ne mita kusan ba ta jan wuta, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, za ta ce lafiya lau. Testa mai ƙwai a ciki, irin wadda tsofaffin masu wayarin ke haɗawa da kansu, ta fi faɗin gaskiya a nan, domin tana jan wuta kamar yadda fitila za ta ja. In da mita za a yi, a auna fitilar tana kunne, tsakanin ƙarfen mazaunin ƙwai da kan batir mai ragi. Ya kamata a ga kusan sifili. In ta kai rabin bolt ko fiye, at na shan wahala.

Sigina mai saurin ƙiftawa kuwa saƙo ne daga filasha, na'urar da ke sa ta ƙiftawa, cewa nauyin da take ɗauka ya ragu, galibi ƙwai ɗaya ya mutu a gaba ko a baya. Haka take yi in an sa ƙwayayen LED, don ba sa jan wuta sosai, sai an canza mata filashar da ta dace da su. Wanda kuma ya sayi tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka ya sani cewa a yawancinsu birki da sigina zare ɗaya suke amfani da shi, ja, kuma wutar birki ta cikin makunnin sigina na jikin sitiyari take bi. In danjar gefe ɗaya ta ƙi, ƙwai da at kuma lafiya, a duba makunnin nan.

Direban da ba shi da yaron mota ma yana iya duba nasa. Bayan magariba ya ja da baya kusa da bango, ya kunna fakin, ya taka birki, ya gwada sigina hagu da dama, ya sa ribas, yana kallon hasken a jikin bangon ta madubi. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a haɗa su: fakin a kunne, ƙafa a kan birki, sa'an nan a ɗaga sigina.