Mai Mujallun Ɗinki a Bakin Kantin Kwari

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari da ke Kano a goman ƙarshe na watan Azumi, ya kutsa tsakanin 'yan dako masu ɗauke da diloli da mata masu tayin atamfa da leshi, idan Allah ya fito da shi bakin titi lafiya, zai iya tarar da wani ɗan kasuwa wanda hajarsa duka ba ta kai nauyin turmi uku ba, alhali kuwa ita ke yanke hukuncin inda almakashi zai bi a jikin dukiyar da ke cikin kantunan. Shi ne mai sayar da mujallun ɗinki. Siriyawa da Labanawa ne suka kafa kantunan yadi a kasuwar tun zamanin Turawa, yau kuma akwai shaddar Getzner ta Ostiriya, da atamfar Vlisco wadda ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan tun 1846, da kayan Sin masu araha waɗanda suka cika ko'ina. Amma yadi, kome tsadarsa, sai an siffanta wa tela abin da ake so kafin ya zama tufa.

Mafi yawan mujallun daga Ikko suke zuwa, garin da unguwar Shomolu ta zama matattarar maɗaba'u, kuma babu dogon rubutu a cikinsu, sai hotunan mata a wuraren biki, wannan da riga da zani, waccan da doguwar riga, wata da gwaggwaro kamar zai taɓa rufi. Dattawan teloli suna tuna mujallar Ovation, wadda Dele Momodu ya kafa a 1996, lokacin da hoton bikin attajiri ɗaya kan wadatar da shago da salon shekara guda. Da wayar hannu ta zo da Instagram, kowa ya ɗauka wa'adin wannan sana'a ya cika, tsadar takarda kuwa, wadda daga waje ake shigo da ita, ta ƙara tsananta bayan faɗuwar naira a 2023.

To, sai ga shi wasu daga cikin matan da suka ƙaurace wa mujallun sun fara dawowa, kuma dalilinsu gajiya ce. Mace takan kwana tana jan hotuna da yatsa, ɗari bayan ɗari, har ido ya yi ja, data ta ƙare, gari ya waye ba ta tsai da shawara ba, domin abin da ba shi da shafin ƙarshe ba ya barin zuciya ta yi ƙana'a. Mujalla kuwa tana da bango biyu, wanda ya buɗe na farko lalle zai kai na biyu.

Na taɓa zama a shagon wani tela, an ɗauke wuta, wata Hajiya ta zo da ankon bikin 'yarta, wayarta babu caji. Ya jawo wata mujalla wadda gefenta ya yi baƙi don yawan hannu, suka duƙufa a kanta su biyu. Ya ɗora yatsa a kan wani hoto ya ce, “Hajiya, wannan hannun ba zai zauna a atamfa ba, sai leshi.” Ta ce, “To, Malam, a bar hannun, a ɗauki wuyan.” Nan take ya yanko ƙyalle daga turminta, ya maƙala shi da allura a shafin, ya rubuta awonta a gefe da biro. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa abin da za a ba da aikinsa a siffanta shi sosai don kauce wa garari, ni kuwa ban ga hujjar da ta fi wannan shafi yanke husumar jajibirin Salla ba, ranar da kowace mace ke rantsuwa ba haka ta ce a yi mata ba.

Tsohuwar fitowa ba ta yin kwantai, sai dai a rage mata kuɗi, almajiran ɗinki da telolin ƙauye su kwashe, tun da salon da ya tsufa a Kano yana iya zama sabo a wani wuri. Wadda ta yage ƙwarai ce kaɗai ba ta da mai so, don ko mai ƙosai ba ta karɓarta: takardar tana da santsi, ba ta shan mai.